A Yi wa Yaro Allurar Mura ko a Bari?

"Yanzu mura ma sai an yi mata allura?" Wannan ita ce tambayar da iyaye suka fi yi mana idan maganar ta taso, kuma suna da gaskiyarsu. Yaro ƙarami yakan yi mura sau da yawa a shekara, ya yi majina da atishawa kwana uku ko huɗu, ya miƙe ya koma wasansa. Irin wannan murar ba ta da allurar riga-kafi, domin ƙwayoyin cutar da ke kawo ta sun haura iri 200. Wadda ake yi wa allura ita ce infuluwenza, kuma duk wanda ta taɓa kwantarwa ya san ba ɗaya suke ba. Ba ta sallama. Yaro zai tafi makaranta lafiya lau da safe, kafin yamma jiki ya yi zafi rau, kai na sarawa, gaɓoɓi na ciwo, ga busasshen tari, ya kwanta ya juya wa abinci baya. Ƙanana sukan haɗa da amai ko gudawa. Yawancinsu kan warware cikin mako guda, tarin ne kawai ke jan ƙafa har mako biyu ko fiye.

Da kowane yaro haka yake warwarewa, da ban ɗauki alƙalami ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan ɗaya ke kamuwa da infuluwenza a kowace shekara, miliyan 3 zuwa 5 tana yi musu mugun kamu, sannan tana kashe tsakanin 290,000 da 650,000 ta hanyar ciwon numfashi. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda ta fi yi wa illa, musamman waɗanda ba su cika biyu ba. Hanyoyin numfashinsu ƙanana ne, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya tsuke su, garkuwar jikin da yawa daga cikinsu kuma ba ta taɓa haɗuwa da wannan ƙwaya ba.

Duk ma'aikacin lafiyar da ya yi aiki a ɗakin yara ya san yadda abin yake zuwa. Uwa ta shigo da ɗan shekara ɗaya da rabi a kafaɗa, ta ce, "Malam, mura ce fa kawai, jiya ma har ya ɗan ji sauƙi." Sai ka ɗaga rigar yaron ka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ƙofofin hanci na buɗewa suna rufewa, yana ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi. Ka ba shi nono ya kama ya saki, don ba zai iya tsotso da numfashi a lokaci guda ba. Nimoniya ke nan ta biyo bayan mura. Ƙwayar infuluwenza ta ɗaye fatar cikin hanyoyin iska, bakteriya suka sami ƙofa a buɗe suka shiga huhu. Wani yaron ciwon kunne zai biyo baya, wani asmarsa za ta tashi, wani ruwan jikinsa ya ƙare saboda ya daina sha. Akwai ƙalilan da cutar ke taɓa wa ƙwaƙwalwa ko naman zuciya. Uwar ba ta yi sakaci ba, abin da ta gani da farko kamar mura yake. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa akwai matakin da za a iya ɗauka makonni kafin wannan ranar, ba a gaya mata ba, ko an gaya mata a gurguje ba ta gamsu ba.

Na lura ba ƙin lafiyar yaro ke sa iyaye ja da baya ba. Tsoro ne na cewa idan suka kai shi da hannunsu aka yi masa allura wani abu ya faru, su ne sila, amma idan suka bari ciwo ya zo da kansa, babu laifinsu. Wani uba ya taɓa ce mini, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Na fahimce shi sarai. Sai dai a wannan sha'anin ƙin tashin ma zaɓi ne, kuma yana da nasa haɗarin. Ƙwayar cutar tana yawo a aji, a mota, a wurin taro, ko an yi allura ko ba a yi ba. Don haka abu biyu ne a kan ma'auni, nauyin allurar da nauyin cutar, kuma ya kamata a ɗora kowanne da gaskiyarsa.

Nauyin allurar ba shi da yawa. Wurin da aka soka zai iya yin ja ko ya kumbura kaɗan, yaro ya yi ɗan zazzaɓi ko rigima kwana ɗaya ko biyu. Wasu ƙananan yara sukan yi jijjiga idan zazzaɓi ya hau da sauri. Abin na tayar da hankali ƙwarai, amma bai cika faruwa bayan allura ba, kuma infuluwenzar kanta ta fi jawo shi nesa ba kusa ba. Mummunar borin jini, wadda jiki ke ƙin allurar nan take har numfashi ya toshe, tana faruwa ga kusan mutum ɗaya cikin miliyan, shi ya sa muke cewa a ɗan zauna kafin a tafi, maganinta na nan a ajiye kusa. Ita allurar ba za ta iya sa wa yaro infuluwenza ba, domin babu ƙwaya mai rai a cikinta, an kashe ta ko an ɗebo wani ɓangare na jikinta ne kawai. Ba kuma sabon abu ba ne: an gano ƙwayar a jikin ɗan Adam a 1933, an fara amfani da allurarta a Amurka tun 1945.

To me ya sa wasu ke cewa, "An yi wa nawa, bayan kwana uku ya kwanta"? Ba ƙarya suke ba. Jiki na buƙatar kusan mako biyu kafin ya gama haɗa garkuwa, kuma lokacin da ake allurar yakan dace da lokacin da sauran ƙwayoyin mura ke yawo. Yaron na iya ɗauko wata murar daban, ko ya riga ya ɗauki infuluwenzar kafin allurar ta fara aiki.

Sannan akwai gaskiyar da wasu abokan aiki ba sa son faɗa, ni kuwa ina ganin ɓoye ta ne ke zubar mana da amana. Wannan allurar ba ta kai ta ƙyanda ƙarfi ba. A shekarar da ta dace da nau'in da ke yawo, tana rage yiwuwar kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a wata shekarar ba ta ma kai haka ba. Amma amfaninta mafi girma yana wajen hana ciwon yin muni. Wani bincike da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2017, wanda ya bi diddigin yaran da infuluwenza ta kashe daga 2010 zuwa 2014, ya nuna allurar ta rage haɗarin mutuwa da kashi 51 cikin ɗari ga yara masu wata lalura, da kashi 65 ga yara lafiyayyu. Ko da yaron da aka yi wa ya kamu, an fi sa ran ya yi jinyarsa a gida maimakon a gadon asibiti da robar oksijin a hanci. Ni a wurina wannan kaɗai ya ishi dalili.

Kalmar "lafiyayyu" da ke cikin wancan binciken tana da muhimmanci ga iyayen da ke cewa ɗansu ƙato ne, ba ya ciwo. Kusan rabin yaran da infuluwenza ke kashewa a Amurka ba su da wata cuta kafin nan. Ƙarfin jiki alheri ne, amma ba shi ne garkuwa daga wannan ƙwaya ba.

Dalilin maimaita allurar duk shekara kuwa, ƙwayar tana sauya kama. Allurar kamar hoton ɓarawo ce da aka ba mai gadi, shi kuma ɓarawon kullum cikin canza shiga yake, sai an riƙa kawo sabon hoto. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da jerin ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama da ke bibiyar waɗannan sauye-sauye. Masana na zama a watan Fabrairu su zaɓi nau'o'in da za a sa a allurar arewacin duniya, su sake zama a Satumba domin ta kudanci. Ban da haka, garkuwar da allurar ke bayarwa tana raguwa bayan wasu watanni.

Akwai kuma waɗanda ke cikin gida. Yara sun fi manya daɗewa suna fitar da ƙwayar, wani lokacin fiye da mako guda, kuma ba sa rufe baki idan za su yi tari, suna hawa jikin kowa. Ɗan makaranta zai kwaso ta, shi ya warke, ya bar wa kakarsa mai ciwon suga ko ƙaninsa ɗan wata uku. Japan ta ga wannan da idonta. Daga 1962 zuwa 1987 ta riƙa yi wa yawancin 'yan makaranta allurar, mace-macen tsofaffi a lokacin sanyi suka ragu, da aka sassauta shirin suka sake hawa. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a yi masa allurar, garkuwarsa tana hannun mutanen da ke kewaye da shi da kuma mahaifiyarsa. Idan aka yi wa mai juna biyu, kariyar na ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki. Wani gwaji a Bangaladash da aka wallafa a 2008 ya nuna infuluwenza ta ragu da kashi 63 cikin ɗari ga jariran irin waɗannan iyaye a watanni shida na farko.

A ƙasashe da yawa wannan allurar ba ta cikin jerin alluran yara na yau da kullum, sai an neme ta. Kada katin riga-kafi ya ruɗe ku: allurar Hib da ake yi wa jarirai ta wata bakteriya ce mai kawo sanƙarau da nimoniya, ba ta kare yaro daga infuluwenza. Inda ba za a iya yi wa duk yaran gida ba, a fara da wanda ya fi rauni, wato mai asma, mai sikila, mai ciwon zuciya ko ƙoda ko suga, mai cutar da ke karya garkuwar jiki, mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana shi tari da ƙarfi, da duk wanda bai cika shekara biyu ba. Ga waɗannan ba na cewa a yi tunani a gani. Ina cewa ku je ku tambaya a wannan makon.

Ana fara allurar daga wata shida. Yaron da bai kai shekara tara ba, idan wannan ne karonsa na farko, sau biyu ake yi masa, da tazarar aƙalla mako huɗu. Iyaye da yawa suna yin ta farko su manta da ta biyu, alhali ta farkon gabatarwa ce kawai ga jiki. A yi ta kafin lokacin cutar ya kankama, ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda ya makara ma ya yi muddin cutar na yawo. A ƙasashe masu sanyi lokacinta sananne ne, a masu zafi takan yi yawo kusan duk shekara, don haka ma'aikacin lafiyar da ke kusa da ku ne zai faɗa muku watan da ya dace. A wasu ƙasashe, kamar Birtaniya tun 2013, ana yi wa yara 'yan shekara biyu zuwa sama feshi a hanci maimakon allura. Shi wannan yana da ƙwaya mai rai da aka raunana, ba a ba yaro mai raunin garkuwa ko mai asma mai tsanani, kuma akwai sinadarin jelatin na alade a cikinsa; wanda bai aminta ba ya nemi ta allura. Idan yaro na cikin zazzaɓi mai zafi a jira ya sauka, majina kaɗai ba ta hana yi. Yaron da jikinsa ba ya son ƙwai ana iya yi masa, a dai faɗa wa ma'aikacin. Wanda ya taɓa mummunar bori bayan irin wannan allurar, sai likita ya duba shi tukuna.

Ko kun yi ko ba ku yi ba, idan yaro ya kwanta da wannan murar, kada a ba shi asfirin, domin yana iya jawo wata lalura mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta ga yara. Farasitamol daidai nauyinsa ya isa, da ruwa ko nono a kai a kai. Antibayotik ba ya taɓa ƙwayar infuluwenza, sai idan likita ya ga bakteriya sun biyo baya. Akwai maganin da ake kira oseltamivir, wanda ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko, shi ya sa yaro mai lalura bai kamata a jira da shi ba. Ku buɗe ƙirjinsa ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance shiru: 50 ko fiye ga ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ya yi sauri da yawa. Idan kun ga haka, ko ƙirji na lotsawa, ko leɓe ya yi duhu, ko ya kasa sha, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko yana jijjiga, ko ana tashinsa da ƙyar, ko zazzaɓin ya sauka sannan ya dawo da tari mai muni, ku ɗauke shi zuwa asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa a kai shi.