Otobong Nkanga

Otobong Nkanga mai fasaha ce 'yar Nijeriya da aka haifa a birnin Kano a 1974, yanzu kuma tana zaune a Antwaf ta ƙasar Beljiyam. Hannunta bai tsaya ga sana'a ɗaya ba. Tana zane, tana tsara manyan saƙe-saƙe na rataya a bango, tana sassaƙa, tana ɗaukar hoto, tana rubuta waƙe, wani lokaci ma ita da kanta take zama gaban jama'a ta yi aikin da baki da hannu. Yawancin ayyukanta suna bin sawun abin da ake haƙowa ko shukawa a ƙasa, irin su dutse da mai da tsiro: daga ina ya fito, hannun wa ya bi, wa ya ci riba, wa aka bari da rami.

Tasowa da karatu

A Kano aka yanke mata cibi, amma a Legas ta yi yawancin ƙuruciyarta. Ta fara karatun fasaha a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ta ci gaba a babbar makarantar fasaha ta Faris, daga baya ta ƙaro ilimi a Amstadam. Gidaje da unguwannin Legas da ta tashi a ciki sun dawo a jerin zanenta mai suna *Filtered Memories*, wato tunanin baya da aka tace. Mutanen da take zanawa sau da yawa ba su da kai, hannu a nan ƙafa a can, an haɗa su da ƙasa da zare ko sanda.

Goro

Aikinta da zai fi saurin shiga ran Bakano shi ne *Contained Measures of a Kolanut* na 2012. A cikinsa tana zama a tebur da wuƙa da goro, baƙo ya zauna gabanta, ta yanka ta miƙa masa, sai hira ta ɓarke a kan tarihin tsiron, da hanyoyin fataucinsa, da yadda sunansa ya ƙare a jikin kwalbar Coca-Cola. Ga Bature mai ziyarar gidan nune-nune, ɗacin da ya cika masa baki sabon abu ne. A Kano kuwa, garin da fatakensa suka daɗe suna zuwa Gwanja ɗauko goro, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Har gobe ana sauke huhuna a kasuwar Mariri, ana ƙirga ƙwarya ɗari-ɗari, ana ware fari da ja, kuma da wuya a ɗaura aure ko a raɗa suna ba a raba shi ba. Har kalmar ta zarce ɗan itacen: goron sallah da goron albishir sau da yawa kuɗi ne. Ƙarfin aikin yana nan ne, domin ta ɗauki abin da ake fara magana da shi a zaure ta kai shi inda aka saba kallo ba taɓawa.

Rami da sabulu

A 2015 ta je Tsumeb a Namibiya, inda dā akwai wani tudu da ma'adinan tagulla suka mayar da shi kore. Kamfanonin haƙa, tun zamanin mulkin mallakar Jamus, suka cinye shi har ya koma wawakeken rami. Ta tsaya a bakin ramin tana rera waƙa, aka ɗauki bidiyon, ya zama aikin *Remains of the Green Hill*.

A baje kolin fasaha na documenta karo na 14, wanda aka yi a Atina ta Girka da Kasel ta Jamus a 2017, ta fito da *Carved to Flow*. Baƙin sabulu ta haɗa da gawayi da mayuka daga yankin Bahar Rum, Gabas ta Tsakiya, da arewaci da yammacin Afirka. An yi shi a Girka, aka sayar a Jamus, masu tallan suna ba mai saye labarin kayan haɗin kafin ya biya. Kuɗin ya tafi wajen kafa wurin fasaha a Atina da wata gidauniya a Jihar Akwa Ibom.

Lambobin yabo

Ta karɓi kyautar Yanghyun ta Koriya ta Kudu a 2015 da kyautar fasaha ta Beljiyam a 2017. A 2019 alƙalan baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya sun ba ta yabo na musamman. Ita ce kuma aka ba kyautar Nasher ta 2025, wadda ake bayarwa a Dalas ta Amurka ga masu sassaƙa. A 2024 ta cika babban falon gidan nune-nunen fasahar zamani na MoMA da ke Niyok da aikinta *Cadence*, wanda ƙashin bayansa doguwar saƙa ce da ta sauko tun daga saman bango.