Dokar Dalma a Kalifoniya: Abin da Ta Hana Masu Ɗura Harsashi da Abin da Ba Ta Hana Ba

Har yanzu ana yaɗa ji-ta-ji-ta a tsakanin maharba cewa jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta ɗura harsashi a gida, wato mutum ya haɗa harsashinsa da kansa ta hanyar zuba albarushi a kwanso ya sa masa kai, alhali babu inda dokar AB 711 ta faɗi haka. Gwamna Jerry Brown ya sa mata hannu a 2013, ta kuma kankama a faɗin jihar ranar 1 ga Yulin 2019, kuma abin da ta hana shi ne harbin namun daji da harsashin dalma. Kwanso da albarushi da injin ɗuri duk suna nan yadda suke, haka kuma mai harbin gwaji a fili yana iya ci gaba da dalmarsa. Tushen dokar wata babbar ungulu ce mai suna kondo, wadda a 1987 guda 27 kacal suka rage, domin tana cin kayan cikin dabbar da maharbi ya yar, ta haɗiye ɓarɓashin dalma, gubar ta kashe ta.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ma'anar "marar dalma". Kan harsashin da aka lulluɓe da jan ƙarfe amma cikinsa dalma ne bai tsallake ba, komai kaurin lulluɓin. Sharaɗin shi ne kada dalma ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, sannan ya kasance cikin jerin da hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ta amince da shi, kamar na jan ƙarfe zalla da kamfanin Barnes ke ƙerawa. Ya kamata mai ɗuri ya sani cewa jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka kan harsashin jan ƙarfe ya fi na dalma mai nauyi iri ɗaya tsawo, yana kuma cin wuri a cikin kwanso, don haka awon albarushin da ya saba da shi ba zai dace ba sai ya koma ga littafin awo na kamfanin da ya ƙera kan harsashin.

Tarar laifin farko dala 500 ce, na biyu da abin da ya biyo baya kuma daga dala 1,000 zuwa 5,000. Abin da ya fi tsauri shi ne ba sai mutum ya harba ba: in aka same shi yana farauta da harsashin dalma tare da bindigar da ke ɗaukarsa, laifi ya tabbata, ko da guda ɗaya ne ya manta a aljihu. A ganina manufar dokar tana da kyau, amma wannan sashe ya yi wa mai mantuwa nauyi, kuma masu tsofaffin bindigogi masu faɗin baki, waɗanda da wuya a sami kan jan ƙarfe daidai da su, sun fi kowa ɗaukar wahalarta.