Waiwaye: Daga tikitin awa ɗaya zuwa lambar NIN

Wanda ya yi zamanin kafe, wato shagon shiga intanet, a Katsina, farkon shekarun 2000, zai tuna yadda abin yake. Ka biya kuɗin awa ɗaya, a miƙo maka 'yar takarda mai lamba, ka zauna ka buɗe Yahoo. Ba mai tambayar sunanka, balle unguwarku. Duk kwamfutocin shagon da adireshin intanet guda suke fita, shi ya sa in an biyo sawun wata wasiƙa, a bakin ƙofa sawun yake ɓacewa.

Wannan kafar 'yan 419 suka samu, wake ɗaya kuwa ya ɓata gari. Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta wajabta wa masu kafe yin rajista da EFCC, su kuma karɓi cikakken suna da adireshin mai hulɗa da su. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ƙara ɗaure abin: kafe ya ajiye littafin sa hannun masu shiga, kamfanonin sadarwa su adana bayanan zirga-zirgar mutane har shekara biyu.

Sai dai kafin nan intanet ta riga ta bar shago ta koma aljihu, hukuma ma ta bi ta can. A 2011 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta shiga rajistar layin waya da hoto da zanen yatsa. A 2015 aka ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka miliyan 5.1 marasa cikakkiyar rajista, daga baya aka rage zuwa biliyan 330. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN.

Mu a nan mun san iyakar wannan tsari. A Satumbar 2021 sai da aka toshe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, duk da rajistar shekara goma. Mai garkuwa da mutane sau da yawa da wayar wanda ya sace yake kiran dangi. Wanda ya fito fili shi ne talakan da ya bi layi cikin rana ya dangwala yatsa.

Abin da ya fi damuna ma yana kusa da haka. Kwanaki na raka ƙanina wani kafe ya cike fom ɗin neman aiki. A fuskar kwamfutar na ga takardun NIN na mutane birjik, da hotunansu, da lambobin waya, ga imel ɗin wata baiwar Allah a buɗe ba ta fita ba. Na yi wa yaron shagon magana, ya ce, "Yaya, ai su ke cewa a bar musu, wai za su dawo."

Akwai dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, amma labarinta bai iso wannan teburin ba. Ban bar shagon ba sai da na ga ya goge na ƙanina, har daga kwandon shara na kwamfutar. Na sauran mutanen suna nan.