Furotin na Bayan Ƙwayar Irin Naman Gwari

Ƙwayar irin naman gwari da iska ke ɗauka ba ta haddasa cuta sai ta manne wa ganye, ƙwaro ko huhun da ta faɗa. Furotin da ke lulluɓe da bayanta ne ke yin yawancin wannan aiki, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne haidrofobin.

Tarihin bincike

Tun wajen shekarun 1960 masana suka hango wasu ƙananan sanduna jere a bayan ƙwayoyin, amma ba a san da me aka yi su ba. A 1991 Joseph Wessels da abokan aikinsa na Jami'ar Groningen a ƙasar Holan suka raɗa wa rukunin furotin da ke samar da waɗannan sanduna suna haidrofobin, bayan nazarin Schizophyllum commune, wani naman gwari mai tsiro a ruɓaɓɓen itace. Furotin ne ƙanana, masu amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) kusan 100, takwas daga ciki nau'in da ake kira sistin ne. Sukan haɗu su zama shimfiɗa mai fuska biyu: ta ciki tana son ruwa, ta waje tana korarsa. Shi ya sa ƙwayar ba ta jiƙewa, take kuma kama bayan ganye mai santsi.

A tsirrai

An fi nazarin Magnaporthe oryzae, naman gwarin da ke ƙona ganyen shinkafa. A 1988 aka nuna cewa da zarar raɓa ta taɓa ƙwayar, sai ta fitar da wani danƙo daga bakinta, mai kama har Teflon, wato abin da ake shafa wa tukwane don kada abinci ya manne. A 1993 Nicholas Talbot da abokansa suka gano haidrofobin mai suna MPG1. Idan aka cire shi, naman gwarin kan kasa gina isassun ƙullutun da yake huda ganye da su, cutar sai ta yi rauni.

A ƙwari

Metarhizium, naman gwari mai kashe ƙwari, na da furotin biyu na mannewa da aka bayyana a 2007: MAD1 na kama ɓawon ƙwaro, MAD2 na kama jikin tsiro. Daga wannan dangi shirin binciken yaƙi da fara mai suna LUBILOSA, wanda aka fara wajen 1989, ya samar da maganin fara mai suna Green Muscle, ta hanyar amfani da wani nau'in naman gwarin da aka samo a jikin wata fara a Nijar. Da mai ake dama shi maimakon ruwa, tunda ƙwayoyin ba sa cuɗuwa da ruwa.

A mutum

Mutum kan shaƙi ɗaruruwan ƙwayoyin irin naman gwarin Aspergillus fumigatus a rana ba tare da ya sani ba. Binciken Cibiyar Pasteur ta Faransa a 2009 ya nuna wani haidrofobin mai suna RodA na ɓoye ƙwayar daga garkuwar jiki, sai ta kumbura za ta tsiro sannan jiki ya gane ta. Akwai saɓani kan ko shi ke ƙara tsananin cutar, domin ƙwayoyin da aka cire musu shi sun kashe ɓeraye a gwaji.