Firilansa da firi biza: ba uwarsu ɗaya ba

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo a Katsina ka kashe ba ka ji an ce firilansa ba. Mai tallar ajin koyon kwamfuta ya ce ka zo, cikin wata guda za ka zama firilansa ka fara cin dala. Ɗan siyasa ya karɓi abin magana a wajen rabon kayan sana'a ya ce matasan da aka yaye yau duk firilansa ne, duniya ta buɗe musu. Waɗannan da sauƙi, surutu ne. Wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ejan ɗin fita waje, wanda ya tsinci kalmar a hanya ya liƙa wa tsohuwar hajarsa, yana yawo da ita a WhatsApp: "Bizar firilansa ta Saudiyya ta fito, babu kafili, ka yi aikin da ka ga dama." Hajar nan mun san ta da daɗewa. Firi biza ake ce mata.

Ma'anar kalmar ba ta da wuya, manomin Daura ya san abin tun kafin a yi intanet. Jinga ce. A nuna maka gona, ku yi ciniki, ka nome, a sallame ka, gobe ka wuce gonar wani. Fartanya taka ce, ba ka jiran albashin ƙarshen wata, ran da ka kwanta ciwo kuma ba mai biyan ka. Firilansa ɗan jinga ne da ke fassara, ko zanen tambari, ko haɗa manhaja, ko ɗaukar hoto. Salon yin aiki ne kawai, kuma salon aiki ba ya buga wa kowa hatimi a fasfo.

Rikicin yana farawa ne ran da ɗan jinga ya tsallaka iyaka. A ƙasar mutane, izinin shiga daban, izinin zama daban, izinin aiki daban. Shi izinin aikin ma kala biyu ne: akwai wanda aka ɗaure da sunan wanda ya ɗauke ka, akwai wanda aka rubuta da sunanka kai kaɗai, ka nemi abokan cinikinka da kanka, ka biya harajinka da kanka. Na biyun nan shi kaɗai ya cancanci a kira shi lasisin firilansa. Bizar Umara ba ta ba ka ko ɗaya daga cikin biyun, haka bizar ziyara ta Amurka. Ingila kuwa ba ta da wata biza mai wannan suna sam.

Wani yaro tela a unguwarmu, wajen Ƙofar Marusa, ya same ni a majalisa bayan Isha'i ya miƙo mini wayarsa, fuska cike da fara'a. Hoton biza ne aka turo masa. Na ja hoton da yatsu biyu ya girma. A layin da aka rubuta sana'a da Larabci, abin da ke wurin shi ne "amil", wato lebura. Ƙasa da shi ga sunan wani kamfani na 'yan kwangilar gini.

Na ce, "Ƙanena, kai tela ne ko lebura?"

Ya ce, "Haba Yaya, ai ejan ya ce wannan cika takarda ne kawai. In na sauka ba ruwana da su. Sai dai in riƙa ba mai kamfanin ɗan wani abu duk wata."

"To wanda kake ba kuɗi duk wata don ya ƙyale ka, mi sunansa in ba ubangida ba?"

Ya yi dariya, ya karɓi wayarsa. Ya riga ya sa keken ɗinkinsa a kasuwa, kuma wanda ya sa keke a kasuwa ba ya son jin dogon bayani.

Ga yadda abin yake tafiya. Ɗan ƙasa a Saudiyya yana da rajistar kamfani, wani lokaci kamfanin bai wuce allo da lambar waya ba. Hukuma ta ba shi damar shigo da ma'aikata saboda ya ce yana da aikin da zai ba su. Shi kuwa ba ya da aiki, bizar ce hajarsa. Sai ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa ejan a Kano, ejan na Kano ya sayar wa na Katsina, kowa ya ɗora ribarsa, har ta iso hannun yaro da miliyoyin naira. Yaro ya sauka Jidda, a yi masa igama, wato katin izinin zama. A kan igamar nan an rubuta sana'arsa, an rubuta sunan mai aikinsa, kuma duk yana cikin kwamfutar hukuma. Daga nan kafili, wato mai kamfanin da bizar ke ɗaure da sunansa, ya ce masa je ka nema. Wannan "je ka nema" shi ne dukkan 'yancin da aka sayar masa.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ba ta san wani abu wai shi firi biza ba. Sashe na 39 ya hana baƙo ya yi wa wanin mai aikinsa aiki ba ta hanyar da hukuma ta tsara ba, ya kuma hana shi yin aikin gashin kansa. Hukuncin da hukumomin ƙasar ke ta nanatawa ga baƙon da aka kama yana sana'ar kansa shi ne tarar da za ta iya kai riyal 50,000, ɗaurin da zai iya kai wata shida, sannan a maido shi gida. Wato ainihin abin da ejan ya tallata, "ka yi aikin da ka ga dama", shi ne laifin da aka rubuta a doka. Telan da igamarsa ta ce leburan gini ne, aka ishe shi a kan keke a wani shago a unguwar Sharafiyya ta Jidda, ba ya da bakin magana. Sai Shumaisi, gidan tsare waɗanda za a maido gida da ke tsakanin Jidda da Makka, wanda duk gidan da ke da ɗan takari ya san sunansa.

Ko ba a kama shi ba, lissafin kansa ba ya fita. Akwai kuɗin da gwamnati ke karɓa a kan baƙon ma'aikacin kamfani, wanda tun 2020 ya kai riyal 700 ko 800 a wata, ya danganta da yawan 'yan ƙasa da kamfanin ya ɗauka. A shekara ana maganar har riyal 9,600 ke nan, ban da kuɗin igamar kanta da inshorar lafiya. Doka ta ce mai aiki ne zai biya. A firi biza yaro ne ke biya, sannan ya ƙara da na kafili a kai. Ran da ya gaza, ko kafili ya ga hukuma ta fara leƙa kamfaninsa, sai ya shiga kwamfuta ya kai rahoton cewa ma'aikacinsa ya daina zuwa aiki, abin da 'yan can ke kira hurub. Kuma a takarda gaskiya ya faɗa, tunda yaro bai taɓa zuwa aikin ba ko sau ɗaya. Wa zai kai ƙara? Ya ce wa alƙali mi, mun haɗa baki mun yi wa hukuma ƙarya shi ne ya cuce ni?

Za ka ji wani ya ce ai an soke kafala. An sassauta ta dai. A watan Maris na 2021 aka fara aiki da gyaran da ya ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki da fita ƙasar bisa wasu sharuɗɗa, ba sai da sa hannun ubangida ba. Masu aikin gida da direbobin gida ba sa ciki, kuma gyaran bai ce baƙo ya buɗe sana'ar kansa ba. Takardar firilansa ta gaske akwai ta a Saudiyya, wasiƙatul amalil hurr suke ce mata, amma 'yan ƙasa aka yi wa ita. Baƙon da ke son zama ba kafili, an buɗe masa ƙofa a 2019 da igama ta musamman: riyal 100,000 a shekara, ko riyal 800,000 ta dindindin. Duk wanda ya ce zai samo maka irin wannan 'yanci a kan kuɗin keken ɗinki da filin gado, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Dubai ce ta ƙara rikita mutane, domin a can abin na gaske akwai shi kuma baƙo na iya samu. Dokar ƙwadago ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ta fara aiki a Fabrairun 2022 ta amince da izinin aikin gashin kai, sannan a Oktoban shekarar aka fito da koriyar biza ta shekara biyar wadda mutum ke zama kafilin kansa. Sai dai a karanta sharaɗin: digiri ko difloma ta ƙwarewa, izini daga ma'aikatar ƙwadago, da shaidar cewa a shekara biyun da suka wuce kana samun aƙalla dirhami 360,000 a shekara, kusan dala 98,000, ko kuma shaidar kana da abin riƙe kanka. Akwai mai rahusa a yankunan kasuwanci na musamman, irin su unguwar kafofin yaɗa labarai da ta intanet a Dubai, inda aka daɗe ana tallata izinin a kan dirhami 7,500 a shekara, biza da gwajin lafiya da katin shaida kuma kuɗinsu daban. Amma fannoni ne ƙididdigaggu: yaɗa labarai, fasahar zamani, koyarwa, zane. Ba a yi shi don mai dako ko mai gadi ba. Saboda haka "bizar firilansa ta Dubai" da ake tallata wa wanda bai gama sakandare ba, yawanci firi bizar nan ce aka sauya wa riga. Kar kuma a manta cewa daga Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 ƙasar ta rufe wa 'yan Najeriya biza gaba ɗaya.

Jamus tana burge ni ta wani ɓangare, domin su matsalar da suke farauta kishiyar ta Saudiyya ce. Dokar zamansu, sashe na 21, ta ba baƙo damar zama a matsayin mai sana'ar gashin kai, kuma sun ware wasu sana'o'i kamar likita, lauya, injiniya, ɗan jarida, mai fassara, malami da mai zane, waɗanda ofishin haraji kawai suke yi wa rajista, saɓanin ɗan kasuwa da sai ya bi ta ofishin rajistar kasuwanci. Za su nemi wasiƙun waɗanda ke shirin ba ka aiki, da inshorar lafiya, da lissafin yadda za ka ci da kanka. In ka haura shekara 45 sai ka nuna tanadin tsufa. Ɗan Najeriya kuma daga gida zai nemi bizar, ba ya shiga da ta ziyara ya ce zai juya ta. Bayan duk wannan, in suka gano kamfani ɗaya kake yi wa aiki, shi ke tsara maka lokacin zuwa da tashi, sai su ce ai kai ma'aikaci ne aka ɓoye da sunan firilansa, su bi kamfanin ya biya kuɗin fansho da inshorar da ya kauce wa. A can ana kama ma'aikacin da aka rubuta a matsayin ɗan jinga, a Jidda ana kama ɗan jingar da aka rubuta a matsayin ma'aikaci.

Wannan hali na Jamus shi ya sa ba na tafawa in ɗan siyasa ya kira matasanmu firilansa. Kalma ce mai daɗin faɗa ga wanda ba ya son ɗaukar nauyin kowa: ba albashi, ba fansho, ba hutun ciwo, an dai ba ka satifiket an ɗauki hoto. Su kuma bizojin masu aiki ta intanet da ƙasashe irin Estoniya da Fotugal suka fito da su daga 2020 zuwa 2022, ba aiki suke bayarwa ba. Mai aiki suke nema ya zo ya kashe kuɗinsa a ƙasarsu. Fotugal na son ka nuna kana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinsu kowane wata. Katin intanet na Estoniya da aka fara a 2014, wanda wasu ke nunawa kamar sun samu takardar zama a Turai, rajistar kamfani yake ba ka dama ka yi daga nesa, ko filin jirginsu ba ya shigar da kai.

Wanda kuwa ke zaune a ɗakinsa a Katsina ko Daura yana yi wa wani a Kanada aiki ta shafukan jinga na intanet irin su Upwork ko Fiverr, ba ya buƙatar lasisin kowace ƙasa, tunda ƙafarsa ba ta taka can ba. Abin da ke kansa na gida ne: asusun da zai karɓi dala, rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, in yana son manyan abokan ciniki su ɗauke shi da daraja, da lambar haraji. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, mai fara aiki daga 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, abin da ya haura nan kuma ana biya a kansa, ko da daga waje kuɗin ya shigo.