Iyayen da ba su da halin riƙon 'ya'ya: me dokar Najeriya ta ce?

Duk lokacin da aka taɓo zancen tallafin gwamnati, sai wasu su ce wanda ya haifa shi zai ciyar, wasu kuma su ce talaka yana da haƙƙi a baitulmali. Dokar ƙasa ta taɓa ɓangarorin biyu, amma ba da ƙarfi iri ɗaya ba.

Sashe na 14 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya ba yaro haƙƙin samun kulawa da ɗawainiya daga iyayensa gwargwadon ƙarfinsu, kuma ana iya neman wannan haƙƙi a gaban kotun iyali. Ma'ana, talauci yana rage yawan abin da za a wajabta wa uba, amma ba ya sauke masa nauyin. Sashe na 30 kuma ya haramta amfani da yaro wajen bara ko talla a manyan titunan gari da manyan hanyoyi, don haka uwar da ta ɗora wa 'yarta farantin gyaɗa ta tura ta babban titi domin a samu na cefane ta saɓa wa doka, ko da babu ko ƙwayar hatsi a gidan. Sai dai dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata, abin da Kano ba ta kammala ba sai a 2023.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta sanya yaro a firamare da ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, za a ja masa kunne a karon farko, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, kuɗin da a yau bai taka kara ya karya ba.

A ɓangaren gwamnati lamarin ya fi rauni. Babi na biyu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci walwalar jama'a da wadatar abinci da matsuguni a matsayin manufofin ƙasa, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kansu. Shi ya sa tallafin naira 5,000 a wata da aka tsara wa matalautan gidaje a ƙarƙashin shirin ba da tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya na 2016 ya dogara a lokacin ga kasafin kuɗi da kuma shigar sunan mutum cikin rajistar marasa galihu, kuma idan irin wannan tallafi ya tsaya, da wuya magidanci ya samu kotun da za ta tilasta a ci gaba da biyansa, alhali shi ana iya gurfanar da shi kan ciyar da ɗansa.