Harajin Motoci Masu Tsada a Birtaniya da Yadda Yake Kama Ƙananan Motocin Gudu

Duk wanda ya taɓa shiga Golf a tashar mota ya san siffar motar da ake magana a kanta: gajeriya ce, bayanta a datse, ƙofar but ɗinta kuma tana ɗagawa sama tare da gilashin baya. Kamfanonin ƙera motoci sukan ɗauki irin wannan jiki su sa masa inji mai ƙarfin doki ɗari biyu da hamsin ko ɗari uku da ɗoriya, su ƙarfafa birki, su sauke shi ƙasa kaɗan, sai a samu motoci irin Volkswagen Golf GTI da Golf R da Honda Civic Type R da Toyota GR Yaris. A Birtaniya waɗannan motoci suna da masoya da yawa, domin mutum yana iya kai yara makaranta da su da safe, ya kuma shiga filin tsere da su a ƙarshen mako. Sai dai tsarin harajin mota na ƙasar ya wayi gari yana yi musu kallon motocin attajirai, kuma wanda bai fahimci yadda ake lissafin ba yana iya ɗaukar wa kansa nauyin shekara biyar saboda launin fenti kawai.

Harajin da ake biya kafin a hau titi da mota ana kiransa VED a taƙaice, kuma hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, wato DVLA, da ke birnin Swansea ce take karɓarsa. Tsarin da ake bi yanzu George Osborne ne ya sanar da shi a kasafin kuɗin Yulin 2015 lokacin yana ministan kuɗi, ya kuma fara aiki a kan motocin da aka yi wa rajistar farko daga 1 ga Afrilun 2017. Alƙaluman da za su biyo baya na shekarar harajin da ta fara a Afrilun 2025 ne, domin kusan kowane Afrilu akan ɗan ƙara su gwargwadon hauhawar farashi.

A shekarar farko ana duba yawan iskar kabon da mota take fitarwa a kowace kilomita. Daga Afrilun 2025 gwamnati ta ninka wannan kuɗi a kan duk motar da ke fitar da giram 76 zuwa sama. Motar da ke tsakanin giram 151 da 170, inda Golf GTI take, tana biyan fam 1,360. Wadda ke tsakanin 171 da 190, inda Golf R da Civic Type R suke, tana biyan fam 2,190, alhali kafin ninkawar fam 1,095 ne. Daga 191 zuwa 225 kuwa fam 3,300 ne. Mai saye ba ya cika jin zafin wannan kuɗi, saboda dillali yana haɗa shi a cikin farashin da yake faɗa, a biya gaba ɗaya.

Daga shekara ta biyu ba a sake kallon hayaƙi. Kowace mota tana biyan fam 195 a shekara, ƙarama ce ko babba. Amma idan farashin motar a lokacin da take sabuwa ya haura fam 40,000, to akwai ƙarin fam 425 a kowace shekara har tsawon shekara biyar, wato daga ta biyu zuwa ta shida, wanda ya kai kuɗin shekara fam 620. A nan ne maganar take, domin dokar ba ta tafiya hawa-hawa. Motar fam 40,000 cif ba ta biyan ƙarin, wadda ta ɗara da fam ɗaya tana biya, kuma abin da take biya daidai yake da na Ferrari ko Bentley.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane farashi ake nufi. Ba kuɗin da mai saye ya ƙirga ya bayar ba ne. Farashin da kamfani ya wallafa ne, kamar yadda yake a ranar da ta gabaci rajistar motar, haɗe da harajin VAT da kuɗin kawo motar da duk wani kayan ƙari da aka sa mata tun daga masana'anta. Kuɗin rajista na fam 55 da harajin shekarar farko ba sa cikin lissafin. Rangwamen dillali kuma ba ya rage komai. A ɗauka, alal misali, cewa an wallafa mota a kan fam 39,500, mai saye ya zaɓi fenti na musamman a kan fam 700, sannan ya yi ciniki har dillali ya sauke masa fam 3,000. Abin da ya fita daga aljihunsa fam 37,200 ne, amma a littafin DVLA motar ta fam 40,200 ce, don haka fentin fam 700 ya jawo harajin fam 2,125 a cikin shekara biyar, ban da ƙarin da akan yi duk Afrilu. Haka kuma idan mutum ya ba da odar mota tana ƙasa da iyaka, kamfani ya ɗaga farashi kafin ta iso, sabon farashin ne zai hau kanta ko da dillali ya mutunta alkawarin da ya yi a kan tsohon.

Wannan ya sa Golf GTI ta zama motar da aka fi yi wa lissafi da alƙalami a hannu, domin lokacin da sabon samfurinta ya fito a 2024 farashinta ya fara ne ƙasa kaɗan da fam 40,000, ta yadda manyan tayoyi ko rufin gilashi kaɗai sun isa su tsallakar da ita. Kayan ƙari suna da wata illa ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba. Tun Afrilun 2020 ana amfani da gwajin hayaƙi na WLTP wajen lissafin harajin, kuma wannan gwaji yana la'akari da nauyi da girman taya na kowace mota, saboda haka abin da aka ƙara yana iya tura ta rukunin gaba a harajin shekarar farko. Abin da aka sa wa mota bayan an yi mata rajista ba ya shiga farashin da hukuma take dubawa, shi ya sa wasu sukan jinkirta sayen wasu kayan har sai motar ta fito.

Golf R da Civic Type R ba su da wannan zullumi, domin tun daga tushe sun wuce iyakar. Civic Type R ta zamani ta shiga kasuwar Birtaniya a kan fam 46,995. Idan aka yi lissafi da farashin 2025, mai irin wannan mota zai biya fam 5,290 a shekara shida na farko, yayin da ƙaramar mota mai araha da ke fitar da giram 111 zuwa 130 za ta biya fam 1,415. A ganina aibin dokar ba tsadar ba ce, tsayuwar iyakar ce wuri ɗaya. A 2017 ƙarin fam 310 ne, kuma fam 40,000 kuɗin babbar Mercedes ne. Farashin motoci ya yi ta hawa, ƙarin ya hau zuwa fam 425 a 2025, amma iyakar motocin fetur tana nan inda aka dasa ta. Motocin lantarki ne kawai suka samu sassauci, bayan da kasafin Nuwamban 2025 ya ɗaga tasu iyakar zuwa fam 50,000 daga Afrilun 2026.

Wanda ya fi shan mamaki shi ne mai sayen mota ta hannu. Tun Oktoban 2014 haraji ba ya bin mota idan an sayar da ita: ana mayar wa tsohon mai ita kuɗin cikakkun watannin da suka rage, sabon mai ita ya biya nasa kafin ya tuƙa. Amma hukuncin cewa mota ce mai tsada yana manne da ita, ko hannu nawa ta sauya. Wanda ya sayi Golf R mai shekara uku a kan kuɗin da bai kai fam 30,000 ba zai ci gaba da biyan fam 620 har ta cika shekara shida. GTI biyu masu launi ɗaya da shekara ɗaya suna iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a wurin dillali, ɗaya tana biyan fam 195, ɗayar fam 620, kuma ido ba zai bambance su ba sai an bincika a shafin gwamnati da bayanan takardar motar, wato V5C. Mai saye mai wayo yakan ƙirga shekarun da suka rage ya nemi a cire masa su daga farashi, don haka wanda ya cika motarsa da kayan ƙari yakan yi asara sau biyu, domin da wuya kayan su dawo da kuɗinsu a ranar sayarwa, ga shi kuma sun ba mai saye hujjar taya ta da rahusa.

Duk da haka haraji ba shi kaɗai ke yanke darajar irin waɗannan motoci ba. Hyundai ta daina sayar da i30 N da i20 N a Turai a 2024, Honda ma ta sanar da cewa za ta janye Civic Type R daga kasuwar Turai a 2026 saboda tsauraran dokokin hayaƙi, kuma abin da aka daina ƙerawa masu sonsa ba sa barin farashinsa ya faɗi da sauri. Mai neman irin wannan mota ba fam 425 ce za ta mayar da shi gida ba.

Tsofaffin motoci kuwa, waɗanda aka yi wa rajista tsakanin 1 ga Maris na 2001 da ƙarshen Maris na 2017, suna kan tsohon tsari da ke duba hayaƙi kowace shekara har ƙarshen rayuwar mota, ba ruwansa da farashi. A can ma akwai wata rana da take raba motoci iri ɗaya gida biyu. Motar da ke fitar da fiye da giram 225, kamar Golf R32, idan an yi mata rajista kafin 23 ga Maris na 2006 tana biyan fam 430 a shekara, wadda aka yi wa rajista daga wannan rana kuma tana biyan fiye da fam 700, shi ya sa masu tallar R32 ta farkon fitowa sukan rubuta watan rajistarta tun a layin farko na talla.